Tsofaffin bindigogin soja da wuƙaƙensu a Damagaram: gane su, tsai da tsatsa, da inda gyara ke zama ɓarna

A gidaje da dama na unguwannin Birni da Zango a Zinder, da ƙauyukan da ke kewaye da garin, akwai ƙarafan gado da masu su ba su san ainihin sunansu ba: doguwar bindiga da tsatsa ta kama sakatarta, ko wata siririyar wuƙa mai tsawon kamu guda, da zobe a ƙotarta, wadda ko albasa ba ta yankawa. Da yawansu sun haura shekara ɗari. Daɗewa kuwa ba ita ta fi kashe su ba, don iskar Damagaram busasshiya ce, ƙarfe yana iya shekara da shekaru a rataye bai yi wani mugun lahani ba. Ranar da ta fi yi musu illa ita ce ranar da mai kyakkyawar niyya ya sauko da su, ya sa samfefa, ko ya kai wa mai walda ya gurje su da inji. Kafin rabin awa lamba ta tafi, hatimi ya tafi, launin asali ya tafi, kamar an wanke allo. Sai a bar mutum da ƙarfe mai ƙyalli wanda ba ya iya faɗa wa kowa inda ya fito. Saboda haka aikin mai adana irin waɗannan kaya tsai da lalacewa ne. Mayar da su sababbi ba aikinsa ba ne, balle sa su su yi harbi.

Kafin a taɓa komai akwai maganar hukuma. A Nijar laifi ne riƙe bindiga ba tare da izini ba, kuma tsufa ba ya fitar da ita daga sunan bindiga. Wasu sukan ji cewa a Faransa an sassauta wa mafi yawan samfuran da suka girmi shekarar 1900, sai su ɗauka nan ma haka ne. Wannan dokar Faransa ce, a can take aiki. Wanda ya gaji bindiga ya bi ta hannun mai unguwa ko maigari ya sanar da jandarmomi ko 'yan sanda, a rubuta ta, a faɗa masa matsayinta: a bar masa, a toshe ta, ko a kai ta gidan tarihi. Tun 1994 ƙasar na da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma a halin tsaron da ake ciki babu jami'in da zai tsaya sauraron labarin kakanka a bakin shinge in ya ga bututu cikin buhu. Fitar da ita waje ma sai da izini, bisa dokar kare kayan tarihi ta 1997.

Sai a ɗauka kowace bindiga a ɗure take har an tabbatar babu komai cikinta. Baƙin albarushi ba ya mutuwa don tsufa; in ya zauna a bushe, bayan shekara ɗari ma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ga mai ɗuri ta baki, a zura siririn sandan ice cikin bututun har ya tokare, a yi masa alama daidai baki, a zaro shi a shimfiɗa a jikin bututun daga waje. Ya kamata ƙarshensa ya kai daidai ƙaramar kafar da wuta ke shiga. In ya gaza da faɗin yatsa biyu ko fiye, akwai abu a ciki. Wani lokaci gidan zanzaro ne kawai, amma ba a yin caca da wannan: ba a kai ta maƙera, ba a nuna mata wuta, ba a bugun ta, ma'aikatan makamai na soja ko jandarmomi ne za su cire. Lebel kuma, wata tsohuwar bindigar sojan Faransa, tana da nata makircin. Gidan harsashinta dogon bututu ne a ɓoye cikin katako a ƙarƙashin babban bututun, yana cin harsashi 8, kuma in sifirin ɗinsa ya maƙale sai a buɗe sakata a ga wayam alhali akwai saura a ciki. Tsofaffin harsasai da aka samu tare da bindiga ba kayan ado ba ne, a miƙa su ga hukuma.

Abin da ake samu a nan ya biyo tarihin garin ne, hawa-hawa. Hawa na farko shi ne bindigogin zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya ja mulki har zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi masu yawa ta hanyar ayarin Tarabulus da Ghat da Abzin, har ya sa aka zuba masa igwa a cikin gari. Waɗannan masu ɗuri ta baki ne, akasari masu ƙanƙarar ƙyastu, wasu ƙirar Turai ce ta fatauci, wasu kuma an haɗa su ne daga sassa dabam-dabam: bututu daga Turai, katako da ado daga arewacin Afirka ko daga hannun masassaƙan nan. In ka ga haruffan E, L da G cikin ɗan zobe mai siffar ƙwai a gindin bututu, hatimin gwaji ne na birnin Liyej a Beljiyam. In akwai kambi a kan zoben, to bayan 1893 aka buga shi, ke nan bindigar ba ta ga zamanin Tanimu ba ko da an ce ta gani.

Hawa na biyu na Nasara ne. Bayan kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, da yaƙin Tirmini na watan Yuli 1899 inda aka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga, garin ya zama sansanin soja, daga baya ya zama hedikwatar ƙasar har 1926. Shekaru sittin na soja da gardi da gumiye sun bar ƙarafa da yawa. Mafi tsufa ita ce Chassepot ta 1866, mai harsashin takarda da doguwar allura. Sai Gras ta 1874, wadda kusan Chassepot ce aka mayar mai harsashin tagulla, faɗin bakinta milimita 11, tana cin ɗaya-ɗaya. Gras ce aka fi cin karo da ita, domin da ta tsufa a Turai nan aka yi ta turo ta, kuma an sāke wa dubbai bututu an mai da su bindigogin farauta an sayar a Afirka. Mai haska fitila cikin bututun zai gane: ta soja tana da layuka da suka murɗe a ciki, wadda aka mayar ta farauta sumul take. Lebel ta 1886 ita ce bindigar soja ta farko a duniya mai albarushi marar hayaƙi, bakinta milimita 8, katakonta biyu ne, na gindi da na gaba, da faffaɗan gidan ƙarfe a tsakani. Berthier ta zo a gajeru tun 1890 da 1892, sannan a 1907 aka yi doguwa musamman don sojojin Afirka da ake kira tirayer. Ana gane ta da katako guda ɗaya mai ɗan tumbi a gaban kunama, inda harsashi 3 ke zama, ko kuma ƙarfen da ya leƙo ƙasa a samfurin 1916 mai cin 5.

Akwai kuma baƙi. Daga kudu, ta Kano da Daura, Martini-Henry da Lee-Enfield na Ingila sun tsallako. Daga arewa Vetterli da Carcano na Italiya sun biyo ta Libiya, musamman a shekarun tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917. MAS-36 ta Faransa da 'yar'uwarta MAS-49/56 kuwa, ko da yake a Turai ana tara su, a nan ba su zama tarihi ba tukuna; makaman yaƙi ne masu aiki, wurinsu rumbun soja ko gidan tarihi.

Karanta bindigar Faransa abu ne mai sauƙi in an san inda za a duba, kuma a nan ne akasarin mutane ke kuskure. Rubutun da ke gefen hagu na gidan sakata yana ba da sunan masana'anta, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, sannan "Mle 1874" ko "Mle 1886". Wannan shekarar samfuri ce, ba shekarar ƙira ba. Shekarar ƙira tana jikin bututu, gefen dama kusa da gindinsa, bayan harafin masana'anta: S, C ko T. Ana iya samun Lebel mai "1886" a gidan sakata amma bututunta na 1916. Ƙarin "M80" a Gras ko "M93" a Lebel gyare-gyare ne da aka yi don kada iskar harsashin da ya fashe ta bugi idon mai harbi. Lambar bindiga tana farawa da harafi, kuma harafin ma shaida ne: A zuwa C na Châtellerault, F zuwa Q na Saint-Étienne, R zuwa T na Tulle. Lambar nan ana maimaita ta a bututu, a sakata, a katakon gindi, da kan wuƙar da ake kafa mata a baki. Wadda lambobinta suka zo ɗaya ta fi daraja nesa ba kusa ba, amma a nan samun haka sai an dace, domin ma'aikatan makamai na bariki suna cire sashe daga matacciya su rayar da mai rai. A gefen dama na katakon gindi akwai hatimi zagayayye mai wata da shekara. Zurfinsa bai kai kaurin farce ba, shi ne farkon abin da samfefa ke cinyewa. Alamar anka, wato ƙugiyar jirgin ruwa, tana nuna kayan sojojin ruwa ne ko na mulkin mallaka, kuma ga mai tara kayan Damagaram wannan ƙaramar alama ta fi ƙyalli muhimmanci.

Don haka kafin mai ya taɓa ƙarfe, a ɗauki hoton kowane rubutu da waya, da safe ko da la'asar lokacin da haske ke zuwa a karkace, a rubuta lambobi a littafi. A goga alli a kan rubutun da ya dushe a share da yatsa, sai ya fito.

Kwancewa ita ce mataki na gaba, kuma ba dole ba ce. In babu jar tsatsa da ke leƙowa daga ƙarƙashin katako, barin ta a haɗe ya fi. In ta kama, to sukurorin nan sun yi shekaru ba su motsa ba. A ɗiga musu kananzir safe da yamma har kwana uku zuwa mako guda, a share tsagar kan da tsinke, sannan a sami sukudireba da bakinsa ya cika tsagar cif, faɗi da kauri. Na kasuwa bakinsu a fiƙe yake, yana hawa sama in an murɗa, shi ke tauna kan sukuru. Gara a sa maƙeri ya gyara bakin ɗaya da zarto har gefensa biyu su miƙe. A dafa shi cikin tsagar, a ɗan ƙwanƙwasa ƙotarsa da guduma sau biyu uku don tsatsar ciki ta saki, a fara murɗawa kaɗan ta wajen ɗaurewa kafin a juyo. Wanda ya ƙi, a ƙyale shi. Karyayyen sukurun Gras ba a samun madadinsa a kasuwar Dole ta Zinder, don zarensa ba irin na yanzu ba ne. Zobban da ke riƙe bututu ana danna ɗan sifirin da ke gabansu ne a tura su gaba da guntun ice, ba da ƙarfe ba. Wajen raba bututu da katako a kifa bindigar a bar ƙarfen ya sauko da nauyinsa cikin tafin hannu. In aka ɗaga shi ta baki, wutsiyarsa za ta ɓantare katako ta baya. Kowane sukuru a soke shi a kwali a rubuta inda ya fito.

Tsatsa iri biyu ce, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Akwai launin ƙasa-ƙasa mai duhu, mai santsi, wanda ba ya barin komai a yatsa. Wannan ya riga ya kwanta, yana ma kare ƙarfen, ba a taɓa shi. Akwai kuma ja mai gari-gari ko mai ƙuraje, wadda ke ɓata farin tsumma. Ita ce mai rai, ita ake yaƙa. Hanya mafi sauƙi: a jiƙa wurin da man keken ɗinki ko kananzir na kwana ɗaya zuwa biyu, a kankare ƙurajen da gefen guntun jan ƙarfe ko tagulla, wanda bai kai ƙarfen bindiga tauri ba, sannan a bi da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, cikin mai, hannu sake. Soson wanke tukunya ba shi ba ne, zai zana ƙarfen. A riƙa share man da ya yi ja ana sa sabo, domin garin tsatsar da ke cikinsa shi kansa yana gurza.

In tsatsar ta yaɗu, akwai dabarar tafasawa. A wanke maiƙo sarai, a nutsa ƙarfen cikin ruwa mai tafasa minti 30 zuwa 45. Zafin yana juya jar tsatsa ta koma baƙa, irin baƙin da masana'anta ke rina bututu da shi tun farko. A fito da shi da zafinsa ya bushe da kansa, a goge baƙin garin da soso mai laushi, a maimaita sau biyu ko uku in da saura, sannan a jiƙa shi cikin kananzir kwana guda don ya kori ruwan da ya ɓuya a lunguna. Maƙeri zai iya lanƙwasa kwano ya yi doguwar kwatarniya da za ta ci bututu. Ruwan kansa abin lura ne: na rijiya da na famfo suna ɗauke da gishiri da kanwa, suna barin dabbare-dabbare. Ruwan sama da aka tara bayan rufi ya wanku ya fi, ko tataccen ruwan da ake ƙara wa batir. A nan a yi hattara, don masu shago suna kiran abu biyu da "ruwan batir", ɗayan asid ne, kuma shi ne zai cinye rubutun cikin mintoci.

Tsamiya, lemun tsami, binigar, toka da rairayi: duk suna fitar da tsatsa, kuma duk suna tafiya da rinin asali tare da ita, su bar ƙarfe fari-toka mai ramuka wanda ke sāke tsatsa kafin gari ya waye. Masana suna gane ƙarfen da aka yi wa haka daga nesa. Cire tsatsa da lantarki, wato a nutsa ƙarfe cikin ruwan soda kimanin giram 10 a lita, a haɗa masa baƙar wayar cajar batir mai bolt 12, jar wayar kuma a jikin wani tarkacen ƙarfe, yana aiki sosai, amma na abin da aka tono daga ƙasa ne wanda babu sauran launi a jikinsa. Ba a yi wa sifirin, don yana sa shi ya yi gautsi, ba a sa ƙarfe marar tsatsa a matsayin tarkacen don yana fitar da guba cikin ruwan, kuma a fili ake yi saboda iskar da ke tashi tana kama wuta.

A san kuma yadda kowace ta fito daga masana'anta. Chassepot fara aka yi ta, ba rini. Gras da Lebel bututunsu rinanne ne, sakatarsu fara. Wanda ya baƙanta sakatar Lebel don ta dace da sauran jiki ya ƙirƙiro bindigar da ba a taɓa yi ba.

Cikin bututu yakan fi waje lalacewa, kuma dalilin gishiri ne. Ƙyastun da ke gindin tsofaffin harsasan soja yana barin wani gishiri mai jan laima bayan harbi. Mai ba ya narkar da shi, rufe shi kawai yake yi. Ruwa ne ke narkar da shi. Shi ya sa ake zuba ruwan zafi ta gindi ya fita ta baki, lita ɗaya zuwa biyu, a bi da burushin tagulla da tsummoki har su daina fitowa da ja, a busar, a shafa mai. Wannan don a tsai da ci ne kawai. Bututun da ya yi ramuka ya riga ya raunana, Gras an yi ta ne don baƙin albarushi, Lebel ma a 1932 an canza mata harsashi har sai da aka faɗaɗa wa waɗanda ke aiki ciki aka buga musu harafin N. Ɗura wa ɗayansu abin da aka samu don a ji ƙararta ranar Salla hanya ce ta rasa yatsu ko ido.

Katako ya fi ƙarfe wahala a Zinder. A watan Maris laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a Agusta ta haura 60. Ice yana tsukewa yana kumbura kowace shekara, ƙarfen da ke cikinsa kuwa ba ya bin sa, sai ya tsage, galibi a wuya bayan kunama, inda ya fi siranta. Wankinsa da tsumma ne da aka matse cikin ruwan sabulu kaɗan, wuri-wuri, ana busarwa nan take. Ba a tsoma shi cikin ruwa. Wanda ya sha baƙin man mota, kuma da yawa sun sha, a naɗe shi da tsumma a ajiye a rana minti 15 zuwa 20, a goge abin da ya tsatso, a mai da shi inuwa, a maimaita kwanaki. Ranar Afrilu tana yin aikin da sauri, amma in aka manta da shi yini guda sai a tarar ya dare. Bayan nan a ciyar da shi da man lin, irin wanda masu fenti ke amfani da shi, a sirka rabi da rabi da tafentayin: ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har ya yi ɗumi, bayan minti 20 a goge duk abin da bai shiga ba, a bar shi kwana guda. Shafi biyu ko uku sun isa. Abin da aka bari a sama yakan zama danƙo mai kama ƙura. Tsumman man lin in aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa, a shanya shi ko a jefa cikin ruwa. Man gyaɗa yana ɗoyi yana kiran tururuwa, banis kuma yana sa ta ƙyallin kujerar falo, yana cike hatimi.

Tsaga ana buɗa ta kaɗan, a wanke maiƙon ciki da sinadarin asiton don gam ba ya kama ice mai mai, a tura gam na kafinta da siririn tsinke, a ɗaure da robar tsohon tiyub na keke har kwana guda. Roba ta fi matsi na ƙarfe don tana bin siffar icen ba ta barin tabo. In an ga ƙananan huji da gari mai laushi na zubowa, ƙwaro na ciki. A raba katakon da ƙarfe, a naɗe shi da ƙyalle, a rufe cikin baƙar leda ruf ba inda iska ke fita, a sa a rana a kan wani abu da ya ɗaga shi daga ƙasa; in cikin icen ya kai digiri 55 na 'yan awoyi, ƙwaron da ƙwansa sun mutu. Rufewar ce ke hana icen bushewa ya tsage, don haka ba a buɗe ledar sai ta huce.

Akwai abin da littattafan Turai za su kira lalacewa, wanda a nan shi ne gundarin tarihin: ɗanyar fatar da aka ɗinke karyayyen wuya da ita ta bushe ta ƙame, wayar tagulla da aka naɗe bututu, ƙusoshin ado a gindi, jar fatar dukawa, layar da aka ɗaura kusa da kunama. Gras mai tsabta kamar yadda ta bar Saint-Étienne akwai dubbanta a Turai. Gras da bayin sarki ko mafarautan Damagaram suka riƙe suka yi mata irin wannan ɗinki, ita kaɗai ce irin kanta. Cire su don a "mai da ita asali" asara ce tsantsa. Haka nan labarin baki: wa ya riƙe ta, a wane bariki, daga hannun wa ta zo. A tambayi tsofaffin gida a rubuta, a ajiye tare da lambobin.

Ga mai son tarawa, wuƙaƙen bindiga sun fi sauƙin sha'ani ta kowace fuska: ba su da albarushi, ba su cin wuri, kuma na Faransa suna ɗauke da takardar haihuwarsu. A gadon bayan ruwan wuƙar Chassepot da ta Gras an zana sunan masana'anta da wata da shekara da rubutu mai lanƙwasa. Ta Chassepot ruwanta ya karkace sau biyu, tsawonsa wajen santimita 57, ƙotarta tagulla ce mai gurabun yatsu. Ta Gras miƙaƙƙiya ce, santimita 52, bayanta mai siffar harafin T, ƙotar ice da kan tagulla. Ta Lebel, wadda sojojin Faransa suka laƙaba wa Rosalie, tsinke ce mai kusurwa huɗu, ita ma santimita 52, ba ta da kaifi ko kaɗan don ta suka ce. Na farko suna da farar ƙota da ƙugiya a gaba. Daga 1915 aka daina yin ƙugiyar, ƙota ta koma tagulla ko baƙin ƙarfe, a 1935 kuma aka gajarta wasu. Ke nan gajeriyar Rosalie ba lallai karyayya ba ce, a duba ko kubenta ma an gajarta shi da kyau. Ta gajeriyar Berthier ta 1892 ta fi kama da wuƙa sosai, ruwanta santimita 40. Ta Lee-Enfield ta 1907 santimita 43 ce, da shekarar samfuri da kambi a gindin ruwan. Ta MAS-36 ba ta da kube ma, a kife take kwana cikin wani bututu ƙarƙashin bakin bindiga, kuma tana da maɓalli a kowane ƙarshen ƙotarta, har sojoji masu wasa sukan haɗa bindiga biyu baki da baki da ita su kasa raba su, sai da aka huda ƙotar don magance haka.

Lambar da ke kan makarin wuƙa a gwada ta da ta jikin kube. Ruwan waɗannan wuƙaƙe fari ne tun asali, amma fari mai laushi, ba na madubi ba, kuma wasa su a dutse yana rage darajarsu nan take. Wadda ta maƙale cikin kube a ɗiga kananzir ta bakin kuben, a tsai da ita kwanaki, sannan a riƙe ƙota a riƙa bugun leɓen kuben da guntun ice ta kowane gefe. Ba a murɗawa. Rosalie musamman tana karyewa a tsini. Maɓallin da ke kama bindiga in ya ƙame shi ma jiƙo yake so, a danna shi da ice. Koren abu mai maiƙo da ke taruwa inda tagulla ta taɓa fata, a cire shi da tsinken sakace da auduga mai ɗan alkol, a kuma raba su wajen ajiya. Tagullar kanta a bar ta da duhunta. Da yawa daga waɗannan ruwan wuƙa maƙera sun yanke su sun yi musu sabuwar ƙota sun zama wuƙar ɗamara ko kan mashi. Siffar T ko kusurwa huɗun ce ke tona asalinsu, kuma su ma abin ajiyewa ne yadda suke. Na jabu kuwa, waɗanda aka binne ko aka jiƙa da asid don su tsufa, tsatsarsu ruwan lemo ce bai-ɗaya ko'ina, alhali ta gaskiya tana bin inda hannu da laima suka taɓa, tana barin lungunan da maiƙo ya kare.

Wajen ajiya, a nan kaki ya fi mai. Ƙurar hunturu tana manne wa ƙarfe mai maiƙo, ta zauna, damina ta zo ta sha laima ta zama laka mai cin ƙarfe. Bayan an gama aiki a goge man, a shafa kaki siriri, irin na adana kayan tarihi in an samu, in babu tataccen kakin zuma da aka narka cikin tafentayin, a bari ya sha iska a goge da tsumma mai laushi. Cikin bututu da sakata kaɗai ake bar wa mai. Kada ta jingina da bangon ƙasa ko ta tsaya a daɓe, gara da laima duk ta nan suke hawowa. A rataye ta a kwance a kan maratayan ice biyu, nesa da rufin kwano da randa. Buhun leda, bargo da kuben fata duk suna riƙe gumi. Gumin hannu gishiri ne, sawun yatsa ɗaya a watan Agusta yana iya zama tabo cikin mako, don haka duk wanda ya taɓa a bi bayansa da tsumma. A duba ta sau biyu a shekara, a farkon Yuni kafin ruwa ya sauka da kuma Oktoba bayan ya ɗauke, a fi kula da layin da ƙarfe ya haɗu da katako da ƙarƙashin zobba, don ta nan jar tsatsa ke fara dawowa.